Yadda ɗan tseren keke daga zango zai nemi gurbin gasar Olamfik da sauran manyan wasanni

Tun da aka yi gasar zakarun Afirka ta tseren keke a Ablekuma da ke Accra a watan Fabrairun 2023, samarin Nima da Mamobi ba su bar ni na huta ba. Yaro zai jingina kekensa a bakin rumfata, ya gaishe ni, ya yi shiru kamar faci ya kawo, can sai ya ce, "Kawu, wai ta yaya mutum ke zuwa Olamfik?" Na yi tsere da ƙuruciyata, daga baya na koma gyaran kekunan 'yan tsere da rakiyar yara wajen gasa da haɗa musu takardu. Abin da nake faɗa musu a rumfa shi zan rubuta maka a nan, ƙanena, don ka san hanyar tun kafin ka ɗaura niyya.

Abu ɗaya za ka fara riƙewa. A tseren titi, gurbin Olamfik ba a rubuta shi da sunan mutum, da sunan ƙasa ake rubuta shi. Ƙasa ce ke samun gurbi, sannan hukumarta ta zaɓi wanda za ta tura. Henok Mulubrhan na Eritiriya shi ya ci tseren maza a nan Accra a 2023, ya zama zakaran Afirka a gaban idonmu. Da aka zo Paris a 2024, gurbi ɗaya ƙasarsa ke da shi a tseren maza, kuma Biniam Girmay aka ba. Saboda haka aiki biyu ne a gabanka: ka taimaki Ghana ta samu gurbi, kuma ka zama wanda ba za a iya tsallakewa ba ranar zaɓe.

Kayan da za ka tanada

Na farko takardu. Fasfo na Ghana mai sauran wa'adi aƙalla wata shida, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa wanda ake nema a kan iyaka. Ranar haihuwa da rubutun suna su zama iri ɗaya a cikinsu duka, harafi da harafi. Mu mutanen zango muna da wannan matsala: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mahamadu a ta uku.

Na biyu keke. Keken tsere mai lanƙwasasshen kai, wanda ya yi daidai da tsawonka. Dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, amma wannan ba damuwarka ba ce, namu na gwanjo sun fi haka nauyi. Idan kuɗinka bai kai na kabon ba, sayi na alminiyam mai lafiya. Na fi amincewa da alminiyam da na duba da hannuna a kan kabon na gwanjo da aka shafe tsagarsa da fenti. Ka juya keken, ka haska tocila a ƙarƙashin inda feda ke juyawa da wuyan da ke riƙe da kai. In ka ga layi siriri kamar gashi, ajiye shi ka tafi.

Sai hular kwano, wadda ba a barin kowa ya tashi tsere ba tare da ita ba, da takalmi mai maƙalewa a feda, da wando mai soso, da gorar ruwa biyu, da famfo, da tub biyu na ajiya, da tayoyi guda biyu da ba ka taɓa su sai ranar tsere. Ƙaramar kwamfutar keke mai auna tafiya da bugun zuciya tana da amfani. In babu, waya mai manhajar Strava a aljihun riga ta isa, in ita ma babu, agogon hannu da littafin makaranta mai shafi arba'in. Da su muka fara.

Mataki na 1: Shiga kulob, ka yanki lasisi

Duk gudunka, in ba ka da lasisi, a idon UCI babu kai. Lasisin yana fitowa ne ta hannun Hukumar Tseren Keke ta Ghana, kuma ta kulob ɗinka za ka bi. Yana aiki daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, kowace shekara sai an sabunta. A jikinsa akwai lambar UCI mai alƙaluma 11, wadda ita ce taka har ka daina tsere. Duk makin da za ka ci a duniya a kan wannan lamba yake taruwa. Rubuta ta a bangon littafinka, kuma kada ka yarda a buɗe maka ta biyu saboda an manta ta farko, makinka zai rabu gida biyu.

Rukunin shekaru da shekarar haihuwa ake lissafa shi, ba da ranar ba. Shekara 17 da 18 matasa ne, 19 zuwa 22 'yan ƙasa da 23, daga nan sai manya.

Gargaɗi a kan rage shekaru. Na taɓa raka wani yaro gasa a wata ƙasa maƙwabciya, kwana biyu muna hanya. Daren jajibirin tsere muka shiga layin tantance lasisi a zauren otal. Alƙalin tseren ya ɗora fasfo a hagu, lasisi a dama, ya sa yatsa a kan shekarar haihuwa, ya ɗago ya dube ni. Shekara biyu ce tsakaninsu. Wani ne ya ba yaron shawara tun a gida ya rage, don ya daɗe a rukunin matasa, ni kuma ban haɗa takardun na duba ba kafin mu tashi. Bai hau keke ba a wannan mako, gora ya riƙa miƙa wa abokansa a bakin hanya yana share hawaye. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ba na sa hannu a takardar yaro sai na ga fasfonsa da idona.

Idan iyayenka sun fito daga Nijar ko Najeriya ko Burkina Faso ko Togo, kuma kana da damar ɗaukar fasfo biyu, yi shawara da kyau kafin ka fara sa rigar wata ƙasa. A dokar Olamfik, wanda ya wakilci ƙasa ɗaya a babbar gasa ya so ya koma wata, a ƙa'ida sai ya jira shekara uku.

Mataki na 2: Karanta takardar cancanta ta gasar da kake nema

Kowace gasa da tata takardar, kuma ana sauya ta duk zagaye. Ta Olamfik tana fitowa a shafin UCI tun da sauran lokaci mai tsawo. Ka sauke ta a waya, ka sami wanda Turancinsa ya nuna ku zauna ku bi ta layi-layi. Abu huɗu za ka nema a ciki: ranar da ake fara ƙirga maki da ranar rufewa, yawan gurabe, gasar da ke ba da gurbi kai tsaye, da mafi ƙarancin shekaru.

Ga yadda aka raba na Paris 2024 a tseren titi, don ka ga fasalin abin. Maza 90, mata 90. Gurbi 80 daga jadawalin matsayin ƙasashe suka fito: ƙasashe biyar na sama mutum huɗu-huɗu, na 6 zuwa na 10 uku-uku, na 11 zuwa na 20 bibbiyu, na 21 zuwa na 45 ɗaya-ɗaya. Gurbi biyu na mai masaukin baƙi. Biyu daga gasar duniya ta 2023 a Gilasgo. Ragowar shida aka raba wa gasar zakarun Afirka da ta Asiya da ta nahiyar Amurka, kowacce biyu, kuma ƙasashen da ba su samu ta jadawali ba su ake ba. An rufe ƙirga maki a watan Oktoban 2023, wata tara kafin a buɗe wasannin. Ka lura da wannan sosai. Wasannin Los Anjelis a watan Yulin 2028 za a yi su, amma wanda ya jira 2028 kafin ya tashi tsaye ya riga ya makara.

Wasannin Afirka da na ƙasashe renon Ingila ƙofarsu ta fi faɗi, domin a can yawanci zaɓen hukumar ƙasarka da kuɗin tafiya su ne ke yanke hukunci. Wasannin Afirka na 13 a nan gida aka yi su a watan Maris na 2024. A Birmingham a 2022, Christopher Symonds, mai tsaron ƙofa a majalisar dokokin Birtaniya, ya yi wa Ghana tseren agogo, wanda kowa ke tashi shi kaɗai a auna lokacinsa, yana da shekara 48. Sai dai ka duba wane irin tsere ke cikin jerin wasannin: na ƙasashe renon Ingila na Gilasgo 2026 tseren cikin da'ira, wanda ake yi a fili na musamman, kawai aka sa, babu na titi. Ga yara 'yan makaranta kuma akwai Olamfik na matasa, na Dakar 2026 shi ne karo na farko a nahiyar Afirka.

Mataki na 3: Gina ƙafa

Tseren maza a Paris kilomita 273 ne, na mata 158. Ba a isa wannan da zagayen unguwa. Shekarar farko tafiya mai nisa a hankali za ka yi ta yi, a gudun da za ka iya hira da na kusa da kai. Kwana biyar ko shida a mako, kwana ɗaya hutu cikakke. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan, mako uku ana hawa, na huɗu a sassauta.

Mu a Accra makarantarmu dutsen Aburi ne. Muna sallar asuba mu fita kafin tirotiro su cika hanyar Madina, mu isa Ayi Mensah gari na wayewa. Daga nan zuwa Peduase ka danna agogo, ka rubuta lokacin a littafi, ka koma ƙasa ka sake. Sau uku a farko, daga baya biyar. Ranar Asabar hanyar cike take da masu tattaki, ka sauko a hankali da hannu a kan birki. Tafiya mai nisa kuma ka bi ta Dodowa ko hanyar Akosombo. 'Yan Kumasi, ku da ke Aboabo da Asawase, kuna da gangaren tafkin Bosomtwe daga Kuntanase da hawan Mampong, ba ku da abin nema a wajenmu.

Kuskuren da na fi gani shi ne mayar da kowace fita tsere. Yara biyar za su fita, kowa na son ya nuna shi ne, a dawo a gajiye, wata uku ba a ƙaru da komai ba. Kwana biyu a mako su ne na wuta, sauran na haƙuri. Na biyu shi ne fita da cikin wofi. Sha kokonka da ƙosai, sa ayaba da dabino a aljihu, ci wani abu duk minti arba'in, sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Da azumi mukan rage nisa, mu yi ɗan juyi mara nauyi gab da shan ruwa, aiki mai ƙarfi kuma sai bayan tarawihi a hanya mai fitila.

Kuma ka koyi tafiya cikin ayari. Wanda ya ɓuya a bayan tayar wani yana rage wahalar iska da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yaran da suka saba horo su kaɗai, ranar da suka tsinci kansu a tsakiyar mutum ɗari, kafaɗa na gugar kafaɗa, tsoro ke sa su koma baya, kuma daga baya ake yankewa.

Mataki na 4: Ci gida tukuna

Gasar zakarun ƙasa ita ce wurin da masu zaɓe ke kallo. Yawancin ƙasashe a ƙarshen watan Yuni suke yin ta. Shiga tseren titi, shiga na agogo, shiga duk wani tseren da hukuma ta amince da shi ko da kyautarsa ba ta biya kuɗin mota ba. Ka sa shugaban kulob ɗinku ya tambaya a rubuce ko an yi wa gasar rajista a kalandar UCI, kuma ko an aika sakamakon bayan an gama. In ba a yi ba, rigar zakara za ka samu, maki kuwa ko ɗaya. Ka nemi a ba ku ƙa'idar zaɓen 'yan wasan ƙasa a rubuce tun farkon shekara. Nema da ladabi ba rashin kunya ba ne, kuma yana kare kowa daga zargi.

Mataki na 5: Fita neman maki

A nan yawancinmu ke tsayawa, don a nan kuɗi ke shigowa. Maki yana samuwa ne kawai a tseren da ke kalandar UCI. Na kusa da mu su ne zagayen Burkina Faso, wanda ake yi tun 1987, da na Benin, da na Kamaru. Na Ruwanda ya fi su daraja da wuya. Duba kalandar kowace shekara, domin tsere na iya kasancewa a ciki bana, baɗi a cire shi.

Za ka ga lambobi kamar 1.2 ko 2.2 a gaban sunan tsere. Alƙalamin farko na nufin kwana ɗaya ne ko kwanaki da yawa, na biyu darajarsa. A lissafin da aka yi amfani da shi lokacin neman gurbin Paris, wanda ya ci tsere mai daraja 2.2 gaba ɗaya maki 40 yake samu, cin zango ɗaya a cikinsa, wato tseren rana guda, maki 7, zakaran Afirka a tseren titi kuwa 250. Makin yana zama mako 52 ne, sannan ya zube. Matsayin ƙasa kuma ana haɗa shi da makin mazanta takwas da suka fi kowa, a mata biyar.

Ka ga ke nan mutum ɗaya ba ya ɗaga ƙasa zuwa cikin 45 na duniya. Abokin da kake kishi da shi a Aburi, makinsa naka ne. In an je waje kun ga shi ne ƙafarsa ta fi a ranar, ku tare masa iska, ku ɗauko masa ruwa daga mota, in tayarsa ta fashe ka cire taka ka ba shi. Na ga tawagar da kowa ya yi ta kansa, shida suka tashi, babu wanda ya shiga goman farko, aka dawo hannu rabbana.

Waɗannan tsere da gayyata ake shigarsu, kuma hukumar ƙasa ake gayyata ko ƙungiya mai rajista, ba mutum shi kaɗai ba. In kuɗin jirgi ya gagara, Wagadugu da Kwatano duk ana zuwa ta mota, ta Paga ko ta Aflao, ba a neman biza. Cire tayoyi da feda, naɗe jikin keken da tsohuwar katifa, sa shi a kwalin keke, kada ka bari a ɗora masa buhu a kai. Ku isa da kwana biyu a hannu don ƙafa ta saki.

Wata hanyar ita ce cibiyar horarwa ta UCI a garin Aigle na Suwizalan, da reshenta na Afirka ta Kudu. Girmay ya zauna a Aigle a 2018, shekara shida kafin ya ci zango uku da koriyar riga ta gwanin gudun ƙarshe a zagayen Faransa. Hukumar ƙasa ce ke gabatar da sunan yaro, kuma abin da za a nema shi ne sakamako da lissafin horo, wato littafin nan naka. Akwai kuma tallafin da kwamitin Olamfik na duniya ke bai wa 'yan wasa, wanda ake nema ta hannun Kwamitin Olamfik na Ghana.

Mataki na 6: Gasar zakarun Afirka

A ganina wannan ce ƙofar da ta fi kusa da mu, kuma a kanta ya kamata a gina shekara guda cur. Dalili shi ne manyan ƙasashe irin su Eritiriya da Afirka ta Kudu sukan samu nasu ta jadawali, sai gurbin gasar ya gangaro kan ƙasar da ke biye wadda ba ta da shi. Ba lallai sai ka ci tseren ba. Abin da ake so ka riga duk 'yan ƙasashen da ba su da gurbi tsallake layi. Kafin a tashi, koci ya rubuta muku sunayen waɗannan ƙasashe a ɗan tef, ku manna a kan keke. Rigunansu za ku sa wa ido. Idan ɗan Eritiriya ya ɓalle, wannan ba yaƙinku ba ne, amma in wanda kuke takarar gurbi da shi ya bi shi, dole ɗayanku ya bi.

A tseren mata na Accra a 2023, Ese Ukpeseraye ta Najeriya ce ta zo ta ɗaya, Awa Bamogo ta Burkina Faso ta biyu, kuma dukansu sun hau keke a Paris. Maƙwabtanmu ne, da irin hanyoyinmu da irin zafinmu. Shi ya sa nake roƙon iyaye a zango, in 'yarku na son keke ku zo mu zauna mu yi magana. Ana tsere da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, kuma gurbin mata daidai yake da na maza, masu nemansa a Afirka kuwa ba su kai yawan maza ba.

Mataki na 7: Tsare jikinka daga abin da zai hana ka

Taramol ya shiga unguwanninmu, kuma na san akwai masu cewa yana kashe zafin ƙafa. UCI ta haramta shi a lokacin tsere tun watan Maris na 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta bi sahu daga Janairun 2024. Ban da hukunci, yana sa jiri, kuma mai jiri a tsakiyar ayari ba kansa kaɗai zai kayar ba. Wasu magungunan mura na kemis ma suna da sinadarin da ke cikin jerin, haka jiƙe-jiƙen kwalba na ƙarin ƙarfi da ba a san abin da aka zuba musu ba. Jerin yana sabuntuwa duk 1 ga Janairu. Kafin ka sha komai nuna wa likita, ka gaya masa kai ɗan wasa ne. Mai asma ko wata cuta ta dindindin ya nemi takardar izini tun kafin gasa. Abin da aka samu a fitsarinka kai za a tuhuma, ko wa ya ba ka.

Mataki na 8: Bayan an samu gurbi

UCI za ta rubuto wa kwamitin Olamfik na ƙasa, shi kuma ya amsa cikin wa'adi cewa zai yi amfani da gurbin. Wanda ba a amsa ba, ko aka mayar, sai a ba ƙasa ta gaba a layi. Saboda haka ko an rufe ba ku samu ba, kada ka jingine keke. Sunanka ya kasance cikin dogon jerin da ake aikawa watanni kafin wasanni, fasfo a shirye, ƙafa a shirye. Ese ta samu shiga tseren cikin da'ira a Paris a ƙurarren lokaci, ba ta da keken irin wannan tsere a hannu, sai tawagar Jamus ce ta ara mata.

Mai sha'awar tseren da'ira ya sani hanyarsa dabam ce, da nata makin da nata gasannin, kuma tana bukatar fili na musamman da keke mara birki. Jedidiah Amoako-Ackah ya yi wa Ghana irinsa a Gilasgo a 2014. Mafi kusa da mu shi ne filin Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003, sai na Alƙahira. In can zuciyarka ta karkata, fara da gajerun gudu masu ƙarfi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ka sa kulob ya nema maka zuwa horo Abuja ta hannun hukuma, ko na mako biyu ne, kafin ka kashe kuɗi a kan keken.